Yadda Za Ku Zaɓar wa Yaranku Shirin Koyon Sana'a a Makarantun Sakandaren Amurka

Kusan kowace gundumar ilimi ta gwamnati a Amurka tana koyar da darussan sana'a da fasaha, waɗanda aka fi sani da sunan CTE. Ƙididdigar da hukumar alƙaluman ilimi ta ƙasar ta yi a shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 ta nuna cewa kashi 98 cikin ɗari na gundumomin suna da irin waɗannan darussa ga ɗaliban babbar sakandare. Saboda haka samun darasin ba shi ne matsalar iyaye ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rarrabe shirin da zai kai yaro ga shaidar ƙwarewa da aikin yi daga wanda zai cike masa jadawali kawai, domin a takarda sunayensu suna kama da juna, kuma yaro ɗan shekara goma sha uku ba zai iya gane bambancin shi kaɗai ba.

Ya kamata a fara da kawar da wani tsoro da iyaye da yawa suke da shi, wato cewa ajin sana'a zai toshe wa yaro hanyar jami'a, tsoron da kuma yake da tushe. Tun da dokar Smith-Hughes ta 1917 ta fara ba da kuɗin tarayya domin koyar da noma da sana'o'in masana'antu da tattalin gida, an daɗe ana tura 'ya'yan talakawa da na baƙin haure da baƙaƙen fata zuwa ajin sana'a, ana ware wasu domin jami'a. Tsarin yau ya bambanta da wancan a dokance. Dokar Carl D. Perkins, wadda aka fara kafawa a 1984, aka sabunta ta a 2006, sannan a 2018, ta tanadi cewa shirin sana'a ya haɗa da karatun aji mai ƙarfi, kuma ya zama tsani zuwa kwaleji ko horon ƙwararru. Gwamnatin tarayya tana zuba kimanin dala biliyan 1.4 a kowace shekara a ƙarƙashin wannan doka, ko da yake mafi yawan kuɗin daga jihohi da gundumomi yake fitowa, abin da ya sa ingancin shirin yakan bambanta ƙwarai daga wata gunduma zuwa maƙwabciyarta.

Lokacin fara bincike shi ne ƙaramar sakandare, wadda a yawancin wurare take kamawa daga aji shida zuwa aji takwas. A wannan mataki ba a koyar da sana'a guda a zurfafe. Ana zagaya da yara ne su ɗanɗana fannoni daban-daban, kamar haɗa ƙaramin mutum-mutumi, da rubuta manhajar kwamfuta, da dashen tsiro, da sanin aikin asibiti, kuma dokar 2018 ta ba da damar kashe kuɗinta a kan yara tun daga aji biyar. Abin da ake so daga iyaye a waɗannan shekaru shi ne lura: wane darasi ne yaro yake dawowa gida yana ba da labarinsa ba tare da an tambaye shi ba, wane aiki ne yake iya shafe sa'a guda a kai bai gaji ba? Haka kuma ku sa ido sosai a kan lissafi, domin yaron da ya shiga aji tara da rauni a aljabara zai sha wuya a aikin lantarki, da injiniyanci, da fasahar sanyaya ɗaki, inda awo da lissafi suke cikin aikin kullum.

A aji takwas ne ake yanke shawarar da ta fi kowace nauyi, yawanci a tsakiyar shekarar karatu, lokacin da ake cike takardar darussan aji tara. A jihar Texas, tun bayan dokar da aka zartar a 2013, ɗalibi yakan bayyana fannin da zai bi a lokacin shigarsa aji tara. A wasu wuraren kuma makarantar sana'a daban take da makarantar unguwa, kuma sai an nemi gurbi kafin wa'adi ya cika. Ku nemi kundin darussan babbar sakandaren da yaron zai shiga, wanda galibi yana shafin intanet na gundumar, sannan ku nemi ganawa da jami'in ba da shawara na makarantar. Idan Turanci yana yi muku nauyi, kuna da haƙƙin a samar muku da tafinta kyauta, kuma bai dace a bar wa yaron aikin fassara a zaman da ake tattauna makomarsa ba.

Da kun buɗe kundin za ku ga an jera darussan rukuni-rukuni, irin su lafiya, gine-gine, noma, kasuwanci, sufuri, fasahar sadarwa da sarrafa kayayyaki. An daɗe ana amfani da rukunoni 16 a faɗin ƙasar, a 2024 kuma aka fito da sabon tsari mai rukunoni 14, don haka kada ku ruɗe idan lissafin jiharku ya saɓa da na wata. Abin da za ku nema a cikin rukunin shi ne jerin darussan da suke hawa kan juna daga aji zuwa aji. A fannin lafiya, alal misali, kyakkyawan jeri yakan fara da gabatarwa ga ayyukan lafiya, ya wuce zuwa kalmomin likitanci da sanin sassan jiki, sannan ya ƙare da horon mataimakin ma'aikacin jinya tare da aiki a gidan kula da tsofaffi ko asibiti. Yaron da ya ɗauki girki a aji tara, ɗaukar hoto a aji goma, kafinta a aji sha ɗaya, ya ji daɗin karatunsa, amma zai kammala babu abin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki. Dokar Perkins tana ƙirga ɗalibi a matsayin wanda ya duƙufa a fanni idan ya kammala aƙalla darussa biyu a shiri guda. A ganina biyu sun yi kaɗan, kuma ya fi kyau ku tsara uku ko huɗu tun daga farko.

Akwai tambayoyi uku da nake ganin su ne ma'aunin kowane shiri, kuma ba son raina ba ne ya zaɓe su, domin su ne ma'aunan inganci da dokar 2018 ta ce kowace jiha ta ɗauki aƙalla ɗaya daga cikinsu ta riƙa ba da rahoto a kai.

Ta farko ita ce shaidar ƙwarewar da yaro zai fita da ita, kuma a nan ne ya kamata ku fi tsawaita bincike, saboda takardun ba darajarsu ɗaya ba. Katin hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta OSHA na horon sa'o'i goma yana nuna cewa yaro ya san ƙa'idojin kare kai a wurin aiki, kuma wasu 'yan kwangilar gini suna buƙatarsa, amma ba ya nuna cewa ya iya wata sana'a. Shaidar mataimakin ma'aikacin jinya kuwa sai an yi aƙalla sa'o'i 75 na horo bisa ƙa'idar tarayya, wasu jihohin ma sun ɗara haka, sannan a ci jarrabawar jiha, kuma da ita ana iya fara aiki kai tsaye. Mai son gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki yana buƙatar shaidar hukumar kare muhalli ta EPA, ta sashe na 608, kafin doka ta ba shi damar taɓa iskar sanyaya. A gyaran kwamfuta ana mutunta shaidar CompTIA A+, a kanikanci akwai jarrabawar ASE, a gine-gine akwai NCCER, a harkar abinci akwai ServSafe. Gyaran gashi da kwalliya lasisin jiha yake buƙata, wanda a New York sai an cika sa'o'i 1,000 na horo, don haka ku tambaya ko sa'o'in makarantar za su kai adadin kafin yaro ya kammala. Ku tambayi wanda zai biya kuɗin jarrabawar, da kuma ɗalibai nawa ne suka zauna mata bara, nawa suka ci. Malamin da shirinsa yake da ƙarfi yakan san wannan amsa a ka.

Ta biyu ita ce ko darasin yana ba da makin kwaleji, wato ko kwaleji za ta ƙirga wa yaro shi a cikin darussanta. Hanyoyi biyu ne, kuma ana yawan cuɗa su. A ta farko ana yi wa yaro rajista a kwalejin shekara biyu alhali yana sakandare, sakamakonsa yana shiga takardar kwalejin kai tsaye, wanda ke nufin idan ya faɗi, faɗuwar za ta bi shi. A ta biyu kuwa yarjejeniya ce tsakanin makarantar da wata kwaleji guda, kuma yawanci ba a ba shi makin sai ya shiga wannan kwalejin bayan kammalawa. Ku nemi a rubuta muku wacce ce daga ciki, da kuma ko jami'o'in jihar suna karɓar makin. Akwai makarantun da suka gina tsarinsu gaba ɗaya a kan wannan, kamar P-TECH da aka buɗe a Brooklyn a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin IBM da jami'ar birnin New York, inda ɗalibi yake iya yin shekara shida ya fita da shaidar sakandare da digirin shekara biyu ba tare da biyan kuɗin karatu ba.

Ta uku ita ce aiki na zahiri a wajen makaranta. Ziyarar yini guda zuwa masana'anta tana da amfani, amma ba ta kai matsayin watannin da yaro zai yi a ƙarƙashin ƙwararre yana karɓar albashi ba. Ku tambayi sunayen kamfanonin da suke karɓar ɗaliban, da ko sa'o'in za su shiga lissafi idan yaron ya ci gaba zuwa horon koyon sana'a mai rajista da gwamnati. Dokar ƙwadago ta tarayya ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 wasu ayyuka masu haɗari, amma ta yi sassauci a wasunsu ga ɗalibai 'yan shekara 16 da 17 da suke cikin shirin makaranta, bisa rubutacciyar yarjejeniya da kulawar ƙwararre. Ku karanta wannan yarjejeniya kafin ku sa hannu.

Bayan tambayoyi, ku je ku gani da idonku a ranar da makarantar take buɗe ƙofa ga iyaye. A ɗakin walda ku duba ko kowane ɗalibi yana da rumfarsa da labulen kare ido da bututun zuƙe hayaƙi a samansa, ko kuwa yara biyar ne suke jiran inji ɗaya. A garejin kanikanci ku duba ko akwai na'urar da ake jona wa mota domin karanta matsalarta, tunda motocin yau kwamfuta ce take tafiyar da su. Ku tambayi malamin shekara nawa ya yi yana sana'ar kafin ya shiga aji, domin wanda ya fito daga cikin masu aikin shi ne zai iya ɗaga waya ya samo wa ɗalibinsa gurbi.

Tsarin lokaci ma abin dubawa ne. A jihar New York gundumomi da yawa suna tura ɗaliban aji sha ɗaya da sha biyu zuwa cibiyoyin BOCES, waɗanda gundumomi suke haɗa gwiwa a kansu, na rabin yini, kuma tafiyar bas takan ci wani ɓangare na lokacin karatu. A Massachusetts yawancin makarantun sana'a na yanki suna yin mako guda a aji, mako guda a ɗakin aiki, kuma ɗaliban aji tara sukan zagaya sana'o'i da dama kafin a tsayar musu da guda. Ko wane tsari ne, ku zauna da jami'in ba da shawara ku zana jadawalin shekara huɗu a takarda guda, ku tabbatar lissafi da kimiyya da harshen waje da jami'o'i suke nema sun samu wuri. Wanda yake son jami'o'in gwamnatin Kalifoniya sai ya cika darussan da ake kira A zuwa G, kuma ba kowane darasin sana'a ne yake shiga lissafinsu ba. Haka ɗan wasan da yake fatan buga wa babbar jami'a wasa yana buƙatar darussa 16 da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta amince da su.

Kada ku yarda a ce yaronku ba zai shiga ba saboda Turancinsa bai nuna ba, domin ƙa'idojin tarayya na 1979 sun hana hakan a shirye-shiryen sana'a. Yaro mai buƙata ta musamman yana da haƙƙin a saka shirin makomarsa a cikin tsarin karatunsa na musamman daga lokacin da zai cika shekara 16, wasu jihohin ma tun 14 suke farawa. Yarinyar da take son walda ko lantarki, da yaron da yake son jinya, dokar hana wariyar jinsi a makarantu ta 1972 tana tare da su.

Ku kuma ƙarfafa wa yaron gwiwa ya shiga ƙungiyar ɗaliban fanninsa, kamar FFA ta masu noma da aka kafa a 1928, ko HOSA ta masu lafiya, ko DECA ta kasuwanci, ko SkillsUSA ta masu sana'o'in hannu da fasaha, inda ake gasa daga matakin jiha har zuwa na ƙasa.

Idan gurbi ya cika, wanda yakan faru a fannoni irin su lafiya da lantarki, ku nemi a sa sunan yaron a jerin masu jira, ku tambayi yadda ake zaɓe, ko da ƙuri'a ne ko da sakamako da yawan halarta, sannan ku duba ko kwalejin shekara biyu da ke kusa tana karɓar ɗaliban sakandare a darasin. Idan kuma yaron ya fara ya ga fannin bai dace da shi ba, ƙarshen aji tara ko farkon aji goma ne lokacin da ya fi sauƙin sauyawa, tunda har yanzu akwai sauran shekarun da za su ishe shi kammala wani jerin darussan ya zauna wa jarrabawarsa.