Yadda za ka shigar da bindiga a rajista har a iya bin sawunta

Ranar da aka damƙa mini rajistar makamai, abin da na tarar shafi bayan shafi shi ne "AK-47, guda ɗaya", sai lamba a gefe. Mai rubutun ya ɗauka ya gama aiki. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da bindigogi biyu suka zo teburina da lamba iri ɗaya, ɗaya ƙirar China, ɗaya ƙirar Romaniya, kwamfuta ta ƙi karɓar ta biyun wai an riga an shigar da ita. Tun daga nan na gane lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, don kowace masana'anta da nata lissafin.

To kai da aka ba wannan kujera, ga yadda nake yi.

Kafin ka taɓa alƙalami, mai kula da rumbun makamai ya cire gidan harsashi, ya tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, a gabanka. Sannan ka nemi abu biyar: masana'antar da ta ƙera, samfurin, girman harsashin da take ci, lambar jiki, da ƙasar da aka ƙera ta. Su ne abin da 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol ke bukata kafin su taya ka bincike a rumbun bayanansu na iARMS, wanda aka buɗe a 2013 da tallafin Tarayyar Turai domin bindigogin da aka sace, ko suka ɓata, ko aka yi fasa-ƙwaurinsu. In ɗaya cikin biyar ɗin ya gurgunce, tambayarka za ta dawo hannu rabbana.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne sunan nan AK-47. A bakin mutane duk mai lanƙwasasshen gidan harsashi AK-47 ce, alhali da yawa ba ita ba ce. Duba gefen hagu na jikinta, kusa da inda bututu ya shiga. Kibiya a cikin alwatika tambarin masana'antar Izhevsk ce ta Rasha, tauraro na masana'antar Tula ne, ita ma ta Rasha. Lamba 66 a cikin alwatika ta China ce, samfurin da ake kira Type 56. Lamba 10 a cikin da'ira biyu ta Bulgeriya ce, 11 a cikin zobe mai siffar ƙwai ta Radom ce a Poland. In tambarin ya goge, juya ta dama ka dubi rubutun da ke jikin makunnin zaɓen harbi: na Rasha АВ da ОД, na China sau da yawa L da D ko rubutun Sinanci, na Hungary alamar takwas a kwance da lamba 1. Yawancinsu harsashi 7.62x39 suke ci, amma kar ka rubuta da ka, akwai masu cin 5.45x39 da 5.56x45.

Haruffan Rasha kuma tarko ne. Abin da idonka ya gani kamar B, a wurinsu V ne. H kuwa N ne. P kuma R. Kar ka fassara, kar ka gyara. Kwafi abin da ka gani yadda yake, ka rubuta cewa haruffan Rasha ne, ka ɗauki hoto. Hoto ɗaya na bindigar gaba ɗaya ta kowane gefe, sauran na kusa, kowane tambari da nasa, a wuri mai haske. Sifiri da harafin O ma sun sha ɓatar da mu. Lambar da za ka ɗauka ita ce ta ainihin jikin bindigar. Ta murfi da ta sauran sassa ka sa su a gurbin ƙarin bayani, don ana yawan musanya su.

Wadda aka kankare lambarta, don Allah kar ka sa wuƙa ko takardar yashi kana neman fito da ita. Bugun lamba yana taɓa ƙarfen da ke ƙarƙashi, masu ɗakin gwaji kan iya dawo da ita da sinadari, in dai ba ka ƙarasa ɓarnar ba. Ƙirar gida kuwa, irin su harba-ka-ruga, ba su da lamba tun asali. Ba ta lambar rajista ta ofis, ka ɗaura mata alama, ka auna tsawon bututun, ka bayyana siffarta.

Shigarwa rabin aiki ne. Kowace bindiga sai an san halin da take ciki yau: tana rumbu, tana hannun jami'i wane, tana kotu a matsayin shaida, ta ɓata, ko an lalata ta. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayyar Najeriya na 2019 ya ambaci makamai 178,459 da aka rasa a hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47. Duk lokacin da na tuna adadin nan sai in ce, nawa ne a ciki aka sace, nawa ne kuma aka canza musu wuri ba wanda ya rubuta? Maganin shi ne ƙidaya da hannu. Ɗauki takardar da kwamfuta ta fitar ka shiga rumbu, bindiga bayan bindiga, kuma mai ƙidayar kar ya zama shi ne mai riƙe da makulli.

Kowane jami'i da kalmar sirrinsa. Na ga ofishin da mutum shida ke shiga da suna ɗaya, an liƙa kalmar a jikin allon kwamfuta. Ranar da aka sauya wata lamba, kowa ya rantse ba shi ba ne. Kar tsarin ya yarda a goge komai. In an yi kuskure a gyara, tsohon rubutun ya zauna tare da sunan mai gyaran da ranar. Ko bindigar da aka yayyanka aka narkar, bayaninta na nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta bin sawun ƙananan makamai ta 2005 ta ce bayanan ƙira a ajiye su aƙalla shekara 30, sauran shekara 20. Ta ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta fara aiki a 2009, ta ɗora wa ƙasashe ajiye rajista ta ƙasa a kwamfuta.

Kar kuma ka raina takarda. A Amurka, dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga, don haka cibiyar bin sawu ta ATF, hukumar da ke sa ido kan harkar bindigogi a ƙasar, da ke garin Martinsburg, har yau da takardun dillalan da suka rufe shago take aiki, ana ɗaukar hotonsu ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Mu da wuta ke ɗaukewa babu sallama, littafi mai lambar shafi ya zauna kusa da kwamfuta, kwafin bayanan kuma a kai shi wani ginin daban duk ƙarshen mako.

In aka kama bindiga a hannun ɓarayin daji, fara dubawa a rajistarku ta gida, wataƙila taku ce da ta ɓata. In babu, sai ka tura ta ofishin Interpol na ƙasarku da hotunan duka, har da wanda kake ganin bai fito da kyau ba.