Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a firaktikal ɗin lantarki

A makarantun sakandare da dama na Katsina kayan lab ba su da yawa, don haka amita ɗaya in ta ƙone, aji guda ne zai yi zaman jira har WAEC ta ƙarato. Kuma amita ce ta fi lalacewa, saboda ana ɗaura ta kamar boltmita.

Aikin amita auna yawan wutar da ke gudana, dole wutar ta ratsa ta cikinta. Sai a jera ta layi ɗaya da batir, makunni da resista (abin da ke rage gudun wuta). Turjiyarta kaɗan ce ƙwarai. In ka haɗa ta kai tsaye a bakunan batir, allura za ta bugi ƙarshe da ƙarfi, wani lokaci har ka ji ƙauri. Boltmita kuwa, mai auna bolt, a gefe take tsayawa, wayoyinta biyu su kama resistar nan da can. In aka jera ta cikin layin ba za ta ƙone ba, amma turjiyarta babba ce, sai amita ta kwanta kusa da sifili, yaro ya ce wai batir ya mutu. Lafiyarsa lau.

Allura ta koma baya? Bakin mita mai launin ja yana neman ɓangaren batir mai alamar +. Juya wayoyin.

Barin makunni a rufe, wuta na gudana, yayin rubuta sakamako shi ma yana ɓata aiki. Batir mai bolt 1.5 yana raunana, waya ta ɗumama, sai jadawalin V (bolt) da I (yawan wuta), wanda dokar Ohm ta ce miƙaƙƙen layi ne, ya fara lanƙwasa. Ɗauki awo, buɗe makunni wuta ta yanke, sannan ka rubuta. Riyostat kuma, wato resistar da ake iya ƙara ko rage turjiyarta, a fara da shi a turjiya mafi girma. Bayan hunturu a duba bakunan haɗi, domin ƙura da tsatsa kan sa allura rawa. 'Yar gogewa da sanfefa ta isa.

A mita birij, na'urar auna turjiya, kada a ja joki, wato ɗan ƙarfen da ake taɓa waya da shi, a kan wayar mai santimita 100. Jan yana kankare ta, kaurinta ya daina daidaita. Taɓawa ake yi a ɗaga. Kafin neman inda galbanomita, mai nuna ko wuta na gudana da inda ta nufa, za ta tsaya a sifili, taɓa ƙarshen hagu, ka taɓa na dama. In allurar ta karkata gefe ɗaya sau biyun, akwai matsala a haɗin, sai ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya daga batir.