Maiƙo a farce: kurakuran da aka fi yi wajen magance shi

Farce ba ya fitar da mai. Ƙananan jakunkunan da ke samar da maiƙo a jikin mutum galibi suna manne ne da tushen gashi, shi ya sa suka fi yawa a fuska da fatar kai da ƙirji da baya. Tafin hannu ba shi da su ko ɗaya, farce ma haka. Farce keratin ne, sinadarin da ke cikin gashi, sai dai ya taurare. Ɗan kitsen da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma yana cikin abin da ke hana shi tsagewa. Don haka duk wanda ya ga faratansa suna sheƙi da santsi, ko jan farce ya ƙi zama, ko lalle ya ƙi kamawa, to in maiƙo ne, daga wani wuri ya zo.

Babban kuskure shi ne a tasa farcen gaba da magani ba a nemi inda maiƙon ya fito ba. Sau da yawa amsar tana kusa. Hannu ya saba kai wa goshi da gefen hanci, ko sosa kai bayan an shafa man kitso. Basilin da man kaɗanya da ake lafta wa jiki da hunturu suna maƙalewa a gefen farce. Mai tuyar ƙosai da mai sayar da man gyaɗa ko manja da makanike ba sai an faɗa ba. Akwai kuma gumi. Wasu mutane tafin hannunsu yana jiƙewa ko da sanyi, su ɗauka maiƙo ne, alhali ruwa ne. Idan gumin ya haɗu da ramewa, bugun zuciya da rawar hannu, ya kamata likita ya duba tayirod, wato halittar nan da ke wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo.

Gwajin mai sauƙi ne. A wanke hannu da sabulu mara zafi, a tsane da tsumma mai tsabta, a kuma daure kada a taɓa fuska ko gashi na kamar awa ɗaya. In sheƙin ya tafi, a saman farcen yake, kuma gyaran ɗabi'a ya isa.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ɓarna, shi ne wanke maiƙon da abu mai ƙarfi. Makanikai kan wanke hannu da fetur ko kananzir, mata kuma su jiƙa yatsu cikin ruwan omo ko su goge da ruwan cire jan farce kullum. Tabbas maiƙon zai fita, amma zai tafi da ɗan danshin da farce da fatar gefensa ke buƙata. Bayan 'yan makonni farcen ya fara ɓarewa sala-sala, gefen yatsa ya tsattsage, sai mutum ya koma shafa mai da yawa don ya samu sauƙi, maiƙon ya dawo. Abin da ya dace shi ne sabulu da ruwa mai ɗumi, da ɗan buroshi mai laushi don ƙarƙashin farce. Mai aikin inji ya fara murza hannunsa da ɗan man girki, domin yana narkar da baƙin mai, sannan ya wanke da sabulu. Mai yawan wanki da wanke-wanke ta nemi safar hannu ta roba.

Wasu kuma sukan daina shafa mai a hannu gaba ɗaya. Ba haka ake so ba. A shafa kaɗan a fatar da ke zagaye da farce da dare kafin barci. Da rana kuwa, in za a sa lalle ko jan farce, a wanke farcen tas, a bar shi ya bushe sosai tukuna. Farcen da ya fito daga cikin ruwa yanzu ya sha ruwa ya ɗan kumbura, in ya bushe ya tsuke, sai jan farcen ya ɓare. Shi lalle yana shiga cikin keratin ne ya rina shi, don haka maiƙo kaɗan ya isa ya hana shi kamawa da kyau.

Sai batun kankare saman farce da yanke siririyar fatar nan ta gindinsa. Wannan fatar ita ce ke toshe hanyar ƙwayoyin cuta zuwa inda farce ke tsirowa. In an yanke ta, ruwa da datti su samu shiga, gefen farce ya kumbura ya yi ja, wani lokaci har da mugunya. Kankarewa kuma tana rage kaurin farce ne kawai. Farcen hannu yana ƙaruwa da kusan milimita 3 a wata, kuma yakan ɗauki kimanin wata 6 kafin sabo ya maye tsoho, saboda haka ɓarnar minti biyar sai a daɗe ana kallonta. Wanda ke ba masu yankan farce na kan titi hannunsa ya riƙa zuwa da kayan yankansa, domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ɗan yanka kaɗan ya isa.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɗaukar kowane sheƙi ko tabo a matsayin maiƙo. Mai fama da ƙaiƙayin fata na tsawon lokaci faratansa kan yi ƙyalli saboda yawan susa, a nan ƙaiƙayin ne abin nema wa magani. A cutar fata da likitoci ke kira soriyasis, ana ganin tabo mai launin rawaya zuwa ja a ƙarƙashin farce, kamar an ɗiga mai a takarda, sau da yawa tare da 'yan ramuka a samansa ko farcen ya fara rabuwa da nama. Wannan ba ya wankuwa. Farcen da ya yi kauri, ya yi rawaya, yana marmashewa, yawanci fangas ne, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo makero, kuma maganinsa watanni yake ɗauka. Wanda ya yi kore, ƙwayar cuta ce da ke son danshi. Wanda ya lotsa a tsakiya gefensa ya ɗago, a auna jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe na kawo haka. Baƙin layi da ya fito a farce ɗaya kaɗai yana ƙara faɗi, a nuna wa likitan fata ba da jinkiri ba. Mai ciwon suga kuwa, ko kumburi kaɗan ya gani a gefen farce, kada ya matse shi ko ya huda da allura, ya je asibiti a duba.