Yadda Mai Bincike Zai Gayyaci Editocin Wikipedia Ba Tare da Cin Amanarsu Ba

Masu rubuta Wikipedia 'yan sa-kai ne da ke ware wa aikin lokaci daga cikin hidimar gida da ta sana'a, saboda haka ɗalibi ko malamin jami'a da ke son su amsa masa tambayoyi baƙo ne, kuma baƙo yakan yi sallama ya jira a amsa kafin ya shiga.

Sallamar ita ce buɗe wa bincikenka shafi a sashen bincike na Meta-Wiki, wato dandalin intanet da ake tsara ayyukan Wikipedia da takwarorinta, inda za ka bayyana ko kai wane ne, da jami'ar da kake, da wanda ya ba da kuɗin aikin, da irin bayanan da za ka tara, da inda za ka adana su. Idan kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka ya amince da aikin, ka faɗa, amma wannan amincewar ba ta maye gurbin yardar editocin kansu. Daga nan sai ka kai maganar zauren tattaunawar al'ummar da kake nufi, ka dakata na wasu kwanaki, ka amsa kowane ƙorafi a bainar jama'a.

Wajen gayyata ne aka fi yin kuskure. Kada ka bi shafukan tattaunawa na ɗaruruwan mutane kana manna saƙo iri ɗaya, domin za a ɗauke shi a matsayin damu, har ma a iya toshe asusunka. Zaɓi waɗanda tambayoyin suka shafa kai tsaye, ka aika sau ɗaya, a taƙaice: ga sunana, ga shafin aikin, tambayoyin za su ɗauki minti 15, kuma kana iya dakatawa a duk inda ka ga dama. Wanda ya yi shiru ya riga ya ba ka amsa.

Batun sirri ya fi nauyi a ƙananan al'ummomi irin ta Wikipedia ta Hausa, inda editoci masu ƙwazo suka san juna. Idan ka rubuta cewa wata edita daga gari kaza mai rubutu kan kiwon lafiya ta soki shugabanni, to ka tona ta ko da ba ka ambaci sunanta ba. Ƙa'idar ɗa'a ta bai-ɗaya da Gidauniyar Wikimedia, mai ɗaukar nauyin Wikipedia, ta amince da ita a 2020 ta lissafa fallasa bayanan mutum ba da izininsa ba cikin ayyukan cin zarafi. Haka kuma cusa ƙarya cikin muƙala domin a ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a gyara ta ɓarna ce, ko da an laƙaba mata sunan gwaji.

Sai kuma inda maslahar mai bincike ta ci karo da amanar Wikipedia. Zargin da editoci ke nunawa a nan yana da tushe. A 2013 an toshe asusu sama da 250 da aka danganta da kamfanin Wiki-PR mai rubutun kuɗi a ɓoye, sannan a watan Yunin 2014 gidauniyar ta sauya sharuɗɗan amfani, ta wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki, ko a shafinsa, ko a shafin tattaunawa, ko a taƙaitaccen bayanin gyaran. A ganina mai bincike ya kamata ya wuce wannan iyaka. Kada ka taɓa muƙalar da ta shafi jami'arka ko malamin da ke duba aikinka, kada kuma ka riƙa cusa takardunka a matsayin madogara. Rubuta shawararka a shafin tattaunawa, ka faɗi alaƙarka, ka bar wani ya yanke hukunci. Idan kai ma edita ne, musamman mai ikon goge shafi ko toshe asusu, ka nemi wani ya aika gayyatar, domin sabon edita na iya jin nauyin ce maka a'a.

Idan aikin ya kammala, koma zauren da ka fara neman izini ka ajiye taƙaitaccen sakamakon cikin harshen da mutanen suka amsa maka, tare da hanyar samun cikakkiyar takardar kyauta.