Yadda ake tsara polima mai kashe bakteriya ba tare da ta fasa jini ba

Polima doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira monoma. Dabarar kwaikwayo ce daga ƙananan furotin da dabbobi ke kare kansu da su, irin magainin da aka gano a fatar kwaɗo a 1987. Tantanin da ya lulluɓe bakteriya yana ɗauke da cajin negatif. Na jajayen ƙwayoyin jini kuwa kusan babu caji a maiƙon fuskarsa ta waje, ga kolestarol da ke ƙara masa ƙwari. Don haka polimarka na buƙatar ɓangare biyu: mai cajin fozitif da zai manne wa bakteriya, da mai son maiƙo da zai kutsa cikin tantanin ya yaga shi.

Fara da monoma biyu: aminoethyl methacrylate, wanda amin ɗinsa ke ba da cajin fozitif (an rufe amin ɗin da Boc, murfi na ɗan lokaci), da ethyl methacrylate, mai son maiƙo. Haɗa su ta hanyar RAFT, dabarar haɗa polima da ke sarrafa girman sarƙa, don tsawon sarƙa ya zo kusan ɗaya, monoma 10 zuwa 30. Doguwar sarƙa takan dunƙule ƙwayoyin jini. Bayan nan a cire Boc da asid ɗin TFA, a tace sosai, domin ragowarsa na ɓata gwaji. Duba da NMR, na'urar da ke nuna tsarin sinadari, ko rabon da ka zuba shi ne ya shiga sarƙar.

Wurin da aikin yake shi ne ɓangaren maiƙo. Kada ka haɗa samfuri ɗaya ka zauna. Yi jerin samfura masu ethyl methacrylate daga kashi 0 zuwa 50 cikin 100, da tazarar goma-goma. In ya yi kaɗan, polimar ta manne amma ba ta huda ba. In ya yi yawa, ta daina bambanta bakteriya da jini, wani lokacin ma ta ƙi narkewa. Butyl methacrylate, wani monoma mai son maiƙo, ya fi ethyl ƙarfi, amma ya fi saurin fasa jini.

Gwaji biyu ne, kuma ɗaya ba ya wadatarwa. Na farko MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya yaɗuwa: ruwan rainon bakteriya na Mueller-Hinton, ƙwayoyi kimanin 500,000 a kowace mililita, zafin digiri 35 zuwa 37 na Celsius, awa 16 zuwa 20, a kan bakteriyar E. coli da S. aureus. Yi amfani da farantin polypropylene, don polistirin yakan riƙe polima mai caji, sai ta zama kamar ba ta aiki. Na biyu HC50, adadin da ke fasa rabin jajayen ƙwayoyin jini. Raba HC50 da MIC; abin da bai kai 10 ba, koma ka rage maiƙo.

Wanda ya tsallake, sake gwada shi cikin gishiri da ruwan jini, domin furotin ɗin jini na kama polimar kafin ta isa ga bakteriya.