Takalmi a ƙafa, hula a hannu: ranarka ta farko a sujadar Angilika

Ranar da muka kai ɗiyata ta fari godiya a majami'a, wani abokin aikina Musulmi ya zo taya ni murna. Da ya iso bakin ƙofa sai ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, ya gyara zaman hularsa, ya sa kai. Na bi shi da sauri na raɗa masa, "Malam, ai a nan juya abin ake yi, takalmi a ƙafa, hula a hannu." Har yau in muka haɗu sai ya tuna mini, mu yi ta dariya.

Ni ɗaya ne daga cikin masu tsayuwa a ƙofa a wata majami'ar Angilika da ke sujada da Hausa a ƙasar Zazzau, kuma na ga baƙi iri-iri: ɗan ikilisiyar ECWA da ya auri 'yarmu, ɗan Katolika da aiki ya kawo shi garin, maƙwabci Musulmi da aka gayyata ɗaurin aure ko jana'iza. Dukansu damuwarsu ɗaya ce, kada su yi abin kunya a gaban jama'a. To ka kwantar da hankalinka. Kusan duk abin da za a faɗa a sujadarmu a rubuce yake a littafi, kuma na kusa da kai ya san shafin.

Ka fara tambayar wanda ya gayyace ka ƙarfe nawa ake shiga, kuma da wane harshe. Manyan majami'u na birni sukan yi sujada biyu ko uku ran Lahadi, ta Turanci daban, ta Hausa daban, a wasu wurare har da ta Ibo ko ta Yarbanci. Ka zo da wuri da kamar minti 15. Tun hare-haren da aka kai wa majami'u a Zariya da Kaduna a 2012 ake binciken jaka a bakin get, mota kuma nesa ake ajiye ta. Yaran da za su tare ka cikin yunifom 'yan Birged ne, 'ya'yanmu ne, kada ka ji haushinsu in sun ce ka buɗe jaka. Ni ma da nake zuwa kowane mako sai na buɗe.

Sutura ba ta da wuya. Abin da za ka sa ka je gaida surukai ya isa, ko kaftani ko kwat. Ke kuma 'yar'uwa, ki ɗaura ɗankwali, ki sa zane ko siket mai tsawo, don a yawancin majami'un Arewa iyayenmu mata ba sa son ganin mace da wando ko kai a buɗe. Ba wanda zai kore ki, amma harara kam za ki sha ta. A ƙauyuka da yawa har yanzu maza gefe guda suke zama, mata gefe guda. Ka dubi yadda aka zauna ka bi sahu. Shawarata kada ka zauna a bencin gaba, don ba ka da wanda za ka kwaikwaya, kada kuma ka maƙale a na ƙarshe inda masu makara da masu jarirai ke ta shiga da fita. Tsakiya ta fi, kusa da wata tsohuwa in ka samu. Su ne suka haddace komai.

Za mu miƙa maka littafin waƙoƙi, wani lokaci da littafin addu'a ko takardar tsarin sujada. Lambobin da ka gani a allo kusa da bagade, wato teburin sujada da ke can gaba, lambobin waƙoƙin ranar ne, a jere yadda za a rera su. Da ka ji an ɗauki waƙar farko kowa ya miƙe, ka miƙe. Jerin gwano ne zai shigo ta tsakiya: mai ɗauke da gicciye a gaba, mawaƙa a bayansa, sai masu karatu da katikis (malami mai taimaka wa limami), rabaran, wato limamin, a ƙarshe. In bishop ya zo, shi ne ƙarshen ƙarshe, da sandarsa mai lanƙwasa irin ta makiyayi. Ka lura da siririn gyalen da rabaran ya rataya a wuya da mayafin bagade, launinsu yana faɗa maka lokacin da ake ciki. Shunayya a makonnin da ke gaban Kirsimeti da kuma cikin azumin kwana 40 kafin Ista, fari a Kirsimeti da Ista, ja ranar Fentikos, kore a sauran yawancin shekara.

Yanzu ga abin da ke rikita kowa, wato tashi da zama. Wani ɗan ECWA ya taɓa ce mini sujadarmu motsa jiki ce. Ƙa'idar da aka koya mana tun muna yara ita ce waƙa a tsaye, sauraro a zaune, addu'a a durƙushe. Tana da togaciya biyu: Bishara, wato karatun Linjila, a tsaye ake sauraronta, shaidar bangaskiya ma a tsaye ake faɗinta. In gwiwa tana damunka, ko durƙuson bai kwanta maka a rai ba saboda addininka, ka zauna ka ɗan sunkuyar da kai. Wallahi ba mai kallonka, kowa idonsa a rufe yake ko yana kan littafi.

Sujadar kanta iri biyu ce. Akwai ta addu'ar safe, wadda katikis ma yana iya bi da ita, akwai kuma ta Jibin Ubangiji, inda ake karɓar gurasa da ruwan inabi, wadda sai rabaran. A ƙauyen da rabaran ɗaya ke zagaya majami'u da yawa, sai a yi makonni ba a ci Jibi ba. Ko wacce ka tarar, za ka ji jama'a sun furta zunubansu baki ɗaya, in rabaran yana nan ya yi shelar gafara, a karanta daga Tsohon Alkawari, a rera ko a karanta ɗaya daga cikin Zabura 150, aya ɗaya mai jagora aya ɗaya jama'a, a karanta kuma daga Sabon Alkawari, a sujadar Jibi kuwa Wasiƙa, sannan Bishara. In rabaran ya ce Ubangiji ya kasance tare da ku, jama'a suna da amsarsu a take, tana nan a littafi. In ka rasa shafi kada ka yi ta juya takardu kamar mai neman rasit, ka ɗan karkata wajen na kusa da kai, zai nuna maka da yatsa. In duk ya gagara, kalma ɗaya ta ishe ka, Amin.

Baƙi Musulmi sukan yi mamakin yawan abin da kunnensu ya saba da shi: Allah, Annabi Ishaya, Zabura ta Dauda, Almasihu, sujada, zakka. Hausar addu'o'in ma tsohuwa ce, irin ta kakanni, kuma da dalili. Likita Mila, ɗan mishan na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika daga Ingila, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kuma shi ne kan gaba a aikin da ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, gini irin na Hausa mai bakan gizo, tana nan tsaye har yau. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Tsarin addu'o'in kuwa daga Ingila ya samo asali, daga littafin da Akbishop Thomas Cranmer ya tsara a 1549, wanda aka yi wa gyaran da ya fi daɗewa a 1662. Ikilisiyar Angilika ta Najeriya ta tsaya da ƙafarta a 1979, tana kuma da nata littafin yanzu, amma ƙashin bayan na da ne. Shi ya sa in ka iya sujadarmu a Zariya, ka iya ta Legas da ta Landan, harshe ne kawai zai bambanta.

Wa'azi yakan ɗauki rabin awa, wani rabaran ɗin ya zarce. Ba a katse shi, sai dai Amin nan da can.

Sai baiko, kuma a nan ne za ka gane cewa Angilikan Ingila daban, na ƙasar Hausa daban. Littafi zai koma kan benci, ganga ta ɗauka, Zumuntar Mata su fito da tulunansu da kacau-kacau cikin zanensu iri ɗaya, layi-layi a taka rawa zuwa gaba a saka a kwano. Ka canjo kuɗinka ƙanana tun daga gida, don baikon ba ɗaya ba ne: akwai na Lahadi, akwai zakka a ambulan wadda ta 'yan ikilisiya ce ba ta baƙo ba, akwai na gini, akwai na godiya. Na taɓa ganin baƙon da ya juye duk abin da ke aljihunsa a zagayen farko, da aka kira godiyar iyalin da suka gayyace shi sai ya fita hannu rabbana. Ka ajiye mai tsokar don wannan. In ba ka so ka ba da komai, ka zauna abinka, ka dai janye ƙafa mutane su wuce. In kuwa ranar godiyar kaka ce, wajen ƙarshen shekara, za ka ga dawa da masara da doya da akuya har gaban bagade, kuma kada ka sa ran komawa gida da wuri.

Abu ɗaya ne nake roƙonka ka ɗauka da nauyi, shi ne Jibin Ubangiji. Kafin a fara za a yi gaisuwar salama, kowa ya juya ya ba na kusa da shi hannu, wannan kowa yana ciki, har da kai. Amma zuwa gaban bagade karɓar gurasa da ruwan inabi na waɗanda aka yi wa baftisma ne, bishop kuma ya ɗora musu hannu ya tabbatar da su. Mu masu tsaron ƙofa za mu riƙa sakin mutane benci-benci. In an zo kan naku, kada ka bi ayari don kunya, ka yi zamanka. Za ka ga 'yan ikilisiya da yawa su ma a zaune, kowa da dalilinsa, ba a tambaya. In kai Kirista ne mai cin Jibi a taka ikilisiyar, ka ga rabaran kafin a shiga sujada ya faɗa maka yadda ake yi a wurin. Wanda zai karɓa yakan durƙusa, ya ɗora tafin dama a kan na hagu, ya ce Amin. Ruwan inabin na gaske ne, ba lemo ba, wannan ma baƙi daga wasu ikilisiyoyi ya kamata su sani. A wurinmu tun lokacin Ebola a 2014 aka koma tsoma gurasar a ƙoƙon maimakon kowa ya kurɓa. Wayarka ta kasance a kashe a wannan lokaci, hoto kuma ka bari sai an tashi.

Sanarwa ita ce jarrabawar haƙuri. Taron mata, taron matasa, wanda ya haihu, wanda ya rasu, shelar aure da ake maimaitawa Lahadi uku a jere ko akwai mai ƙorafi. A tsakiyar wannan ne za a ce baƙi su miƙe. Ka miƙe, ka faɗi sunanka da inda ka fito da wanda ya kawo ka, shi ke nan. Za a tafa maka, wataƙila a rera maka waƙar maraba, ba wanda zai ce ka sauya addini ko ka ɗauki wani alkawari. In an ba ka kati ka rubuta lambar waya, kana da damar barinsa fari.

Daga nan rabaran zai sa albarka, a ɗauki waƙar fita. Kada ka ruga, ka bari gicciye da mawaƙa su wuce tukuna. Duka-duka ka ware awa biyu zuwa uku. A bakin ƙofa za ka tarar da rabaran yana gaisawa da kowa, ka ce masa "Ranka ya daɗe" ko "Baba Rabaran", matarsa kuma "Mama". Littafin waƙoƙin da na ba ka kuwa, don Allah ka maido mini kafin ka mayar da hularka, 40 muka saya bara, saura 26.