Yadda Ake Koyar da Lissafi a Firamare ta Hanyar Sa Yara Su Ƙirƙiri Wasa

Yaron da ya iya dara ya riga ya san ƙa'ida da sharaɗi da hangen abin da zai biyo baya. Aikin malami shi ne ya sa shi ya fayyace wannan sanin mataki-mataki, yadda ko na'ura za ta iya bi. A kan irin wannan tunani ake gina manhajojin kwamfuta, kuma ana iya fara koyar da shi a ajin firamare a Kano ko da babu wutar lantarki.

Da farko a raba yara rukuni-rukuni, yara biyar ko shida a kowanne, tunda ajujuwanmu cike suke. Kowane rukuni ya zana dara mai gidaje 30, wato layi 5 sau 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Bayan sun buga, su rubuta ƙa'idojin da kansu da sigar sharaɗi, misali: idan 'ya'yana uku suka jeru, to zan ci ɗan abokin karawata. A nan malami zai tambaya gidaje nawa ke ragewa bayan an gama dasa duka 'ya'yan, yara su gano 6 da kansu.

Mataki na gaba shi na fi ba muhimmanci. A zana murabba'ai da alli a daɓen aji, a kira kusurwa ɗaya Ƙofar Nasarawa, ɗayar kuma Gidan Makama. Yaro ɗaya ya zama na'urar da za a kai daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba ya motsi sai da umarnin da rukuninsa ya rubuta: taku 3 gaba, juya dama. Idan umarnin ya kai shi jikin bango, kada malami ya gyara musu, ya bar su su bi layukan ɗaya bayan ɗaya har su kama inda matsalar take, domin wannan binciken shi ne zuciyar darasin. Daga baya a nuna musu cewa rubuta "maimaita sau 4" ya fi rubuta abu guda sau huɗu, sai ga murabba'i mai kewayen taku 12 da juyi huɗu masu digiri 90 sun fito ba tare da an yi hadda ba.

Sannan kowane rukuni ya ƙirƙiri nasa wasan, kamar na ciniki a Kasuwar Kurmi, inda mai saye ke riƙe da naira 500 kuma yana samun maki duk lokacin da ya faɗi canji daidai.

Sai a wannan gaɓar kwamfuta za ta shigo, idan akwai. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet da zarar an sauke ta. Ana jera umarni ne da tubala masu launi, filin da wasan ke gudana a allonta kuwa ya taso daga -240 zuwa 240 a kwance, abin da ke gabatar wa 'yan aji biyar da shida lambobin da ke ƙasa da sifiri. Yara biyu su zauna kan na'ura ɗaya, suna karɓa-karɓa, mata da maza daidai wa daida.

Wajen auna fahimta, a yi musayar wasanni tsakanin rukunoni ba tare da bayanin baki ba. Duk inda baƙon rukuni ya cije, to akwai ƙa'idar da ba a rubuta sarai ba, sai a mayar wa masu wasan su gyara kafin darasi na gaba.